Tib ɗin tele da injin radiyon asibiti: harbi iri ɗaya, me ya raba su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kayan kuran (lantarki) ne a Kusiri, kuma har yau ana kawo mana tsofaffin tele masu ƙeya, daga cikin gari da ƙetaren kogi. Yayana yana aiki a ɗakin radiyo na wani asibiti, inda ake ɗaukar hoton ƙashi. Ya ce mini tib ɗin injinsu da tib ɗin tele, wato tulun gilashin da ke ba da hoto, abu ɗaya ne, ilektaron ake harbawa su daki wani abu. To in haka ne, me ya sa nawa yake ba da hoto, yana tara ƙura, har ya ja mutum bayan an zare waya daga bango, nasu kuma yake ba da hasken da ke ratsa nama? Harbin ne ya bambanta ko abin da ake harba? Kuma ni da nake wuni a bayan tele, ina shan wannan haske ne ban sani ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Yayanka ya faɗa maka gaskiya, kuma tambayarka ta fi wadda ɗalibaina suke yi mini a aji kyau, don kai hannunka ne ya fara tambaya kafin bakinka. Abin da kake son sani shi ne: idan aka sako ilektaron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, da gudu suka faɗa wa wani abu, wane irin ƙarfin lantarki da na maganaɗisu suke tayarwa a cikinsa, kuma me ya sa gilashi yake amsawa daban, ƙarfe daban. Ƙarfin harbin yana da nasa rabon, zan zo kansa. Amma mafi yawan abin da kake gani a shagonka halin abin da aka harba ne.

Ni ma a bayan tele na fara. Talabijin ya zo Kamaru a 1985, kuma ba da daɗewa ba na zama yaron shago a wurin wani mai gyara a nan Garwa, ina riƙe masa madubi a gaban tele yana murɗa abubuwa ta baya. Karatun fizik daga baya ya zo.

A wuyan tib akwai ɗan zaren da ke yin ja idan an kunna. Yana dumama katod, ɗan ƙarfen da ilektaron ke fitowa daga gare shi, zafin ya saki ilektaron, sai wutar THT, wato babbar wutar tib, ta fizge su zuwa gaba ta cikin tulun da aka zuƙe wa iska. A tele mai kala wutar tana kai wa volt 25,000, kuma da ita ilektaron yake gudun kusan kilomita 90,000 a daƙiƙa, wajen kashi 30 cikin 100 na gudun haske. A 1897 J. J. Thomson ya gano a Kambirij cewa wannan feshi ƙwayoyi ne masu caji negatif, kuma a shekarar ce Ferdinand Braun ya ƙera kakan tib ɗinka a Sitarasbur. Abin dariyar shi ne Röntgen ya riga su: ya ci karo da hasken eks, wato hasken nan da ke ratsa nama, a ranar 8 ga Nuwamba 1895 a Jamus, da irin wannan tulu, tun ba a san mene ne ke gudu a cikinsa ba.

Kowane ilektaron yana tafe da kewayensa. Ka san yadda kake jin zafin murhu tun kafin ka taɓa garwashi; haka caji yake da wurin da ƙarfinsa ke kaiwa, yana tura ɗan'uwansa negatif, yana jawo fozitif. Wannan muke kira fagen lantarki. Idan cajin yana gudu, sai ya ƙara da fage na biyu, na maganaɗisu, wanda ke zagaye hanyarsa kamar awarwaro a hannu, daidai da abin da Oersted ya gani a 1820 lokacin da allurar kamfas ta juya kusa da waya mai kuran. Na ukun shi ne idan aka tsayar da shi ko aka karkatar da shi farat ɗaya: wani ɓangare na fagen yana ɓallewa ya tafi shi kaɗai a matsayin haske. Baƙon ke nan, wato ilektaron da aka harbo, da kayansa uku. Gidan da ya sauka kuwa cike yake da nasa ilektaron, kuma yadda masu gida suke zaune, a sake ko a ɗaure, shi ne ke yanke hukuncin abin da zai biyo baya.

Ƙarfe

A jan ƙarfe ko alminiyam, wasu ilektaron ba su da atom ɗin da suke wa biyayya, yawo suke yi ko'ina. Tun baƙon bai iso ba fagensa ya riga shi, sai su ja da baya, su bar ɗan tabo fozitif a fatar ƙarfen daidai ƙarƙashinsa, yana binsa kamar inuwa. Wannan jeruwar tasu tana soke fagen baƙon, shi ya sa fagen lantarki ba ya zama a cikin ƙarfe. Idan ya shiga ya tsaya, rarar cajin tana watsuwa cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, ta bi waya ta koma. A gidan ƙarfe baƙo raɓa ne. Amma da sharaɗi: sai ƙarfen yana da hanyar fita. Ƙarfen da aka ɗora a kan roba ba tare da waya ba zai yi ta tara caji kamar kowa.

Akwai wani abu mai kyau da ba za ka gani da ido ba. Idan ilektaron mai sauri ya ratsa siririn alminiyam, taron masu gida yana girgiza baki ɗaya, kamar ruwa a tasa idan an bugi gefenta. Kowace girgiza tana karɓar kuɗinta daidai, kusan ilektaron-volt 15 a alminiyam, ba ragi (ilektaron-volt shi ne ƙarfin da ilektaron ɗaya ke samu daga volt ɗaya). Rufus Ritchie ya lissafa a 1957 cewa akwai irin wannan girgiza da ke bin fatar ƙarfe kawai, Powell da Swan suka auna ta a 1959. Har yau masu bincike suna gane abu ta hanyar duba kuɗin da ilektaron ya biya wajen ratsa shi.

Gilashi, roba, auduga

Nan ne tambayarka ta fi nauyi. A gilashi kowane ilektaron ɗaure yake da turkensa. Idan fagen baƙo ya zo, iyakar abin da zai iya shi ne ya ɗan karkata a inda yake, kamar akuyar da ta ja igiya har ƙarshe. Wannan karkatar tana rage ƙarfin fagen, amma ba ta soke shi, don haka fagen lantarki yana ratsa gilashi. Baƙon da ya shiga ya tsaya kuma ba shi da hanyar fita. Na biyu ya zo ya tsaya kusa da shi, na uku haka. Cajin na iya zama awanni, wani lokaci kwanaki.

Na ga wannan da idona lokacin da na yi aiki na ɗan lokaci da madubin ilektaron, injin da ke nuna ƙananan abubuwa da girma, a wani ɗakin bincike a Faransa. Injin ɗan'uwan tele ne: yana zana layi-layi da siririn feshi a kan abu, ya tattara ilektaron da suka fantsamo ya haɗa hoto. Na tafi da ɗan ƙullin audugar gonarmu a aljihu, ina ɗokin ganin zarenta. Na manna ta na saka haka nan, don gaggawa. Da farko hoto ya fito, sai ya fara yin fari fat, layuka suka karkace, daga nan na ga zare ɗaya ya lanƙwashe a hankali ya kauce daga inda nake kallo. Cajin da ya taru a kansa ne yake ture sabon feshin, yake kuma ture zaren daga maƙwabcinsa. Matar da ke kula da injin ba ta ce mini komai ba, ta ɗauki audugar ta saka a wani ɗan tulu, aka fesa mata zinariya mai kaurin nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Da muka mayar, hoto ya tsaya cak, zaren a murɗe kamar tsumagiya. Zinariyar ba ado ba ce, hanyar fita ce aka yi wa baƙi.

Akwai dabara ta biyu, kuma ita ce ta fi burge ni. Kowane ilektaron da ya daki abu yana fizgo wasu daga fatarsa su fice. Idan harbin ya yi ƙarfi, yana nutsewa can ciki, waɗanda ya tayar ba sa iya fitowa, abin ya zama negatif. Idan aka sassauta wutar zuwa wajen volt 1,000 ko 2,000, sai masu fita su yi daidai da masu shiga, wani lokaci ma su fi su, abin ya koma fozitif alhali da negatif ake jifansa. Mai hannu yana neman wannan tsakiyar ya ɗauki hoton roba ba tare da zinariya ba.

Idan kuwa aka ci gaba da ɗura wa roba caji ba sassauci, ƙarshenta tsagewa. Ana harba ilektaron na miliyoyin volt cikin dunƙulen roba mai garai-garai, sannan a ɗan soke shi da ƙusa. Duk cajin ya fita a walƙiya ɗaya, ya bar zane mai rassa kamar saiwar bishiya a ciki. Ana kiran zanen da sunan Lichtenberg, wanda ya fara ganin irinsa a 1777. Wasa ne a ɗakin gwaji, amma a sama asara ce: a Janairun 1994 taurarin ɗan'adam biyu na Kanada, Anik E1 da E2, suka rikice a rana ɗaya, bayan ilektaron masu ƙarfi na sararin samaniya sun taru a kayan cikinsu har suka yi tartsatsi.

Yanzu koma kan tele. Masu ƙera shi sun san wannan matsala, shi ya sa suka shimfiɗa siririn alminiyam a bayan hodar da ke ba da haske. Ilektaron suna ratsa shi su daki hodar, cajin ya bi alminiyam ɗin ya koma THT. Ba don haka ba, da fuskar ta cika da negatif ta kori hoton da kanta. To ƙurar fa? Yara da yawa a sana'arku suna cewa ilektaron ne ke ɓullowa ta gilashi. A'a. Ilektaron na volt 25,000 ba ya wuce 'yan maikuromita a gilashi, bai kai kaurin gashi ba, gilashin fuskar kuwa ya kai santimita ko fiye. Abin da ke ratsowa fage ne. Cikin fuskar yana kan fozitif 25,000, gilashi ba ya iya soke wannan fage, sai ya fito waje ya miƙar da gashin hannunka, ya jawo ƙura. Lokacin damina danshin iska yana yi wa gilashin siririyar hanya, cajin waje ya zube. Da hunturu kuwa, iska bushe, ƙura ga ta nan, ka goge da safe la'asar ta koma.

Jan da yake yi bayan an kashe kuma, dubi bayan tib ɗin. Baƙin shafen da ke waje yana wuce da kuran, akwai irinsa a ciki, gilashi a tsakani. Kondansate ke nan, wato ma'ajin caji, babba, irin tulun da aka ƙirƙira a Laiden wajen 1746. Ni ya koya mini da wuri. Maigidana ya fita sallar azahar, na ce bari in nuna na iya, na sa yatsa ƙarƙashin robar nan mai kama da ƙahon wanzami. Tele a kashe tun hantsi. Ban san lokacin da gwiwar hannuna ta daki bango ba. Cajin kansa bai cika kisa ba, abin da hannu ke bugawa wajen fizgewa shi ne haɗarin, musamman wuyan tib. Kuma ko ka sauke shi, gilashin yana sakin ragowar da ya haɗiye a hankali, bayan minti kaɗan ya sake taruwa.

Inda hasken eks yake fitowa

A tsakiyar kowane atom akwai cibiya mai caji fozitif. Ilektaron da ya wuce kusa da ita yana shan kwana ba shiri, gudunsa ya karye, sai kayan nan na uku ya ɓalle ya tafi. Jamusawa suka sa masa suna Bremsstrahlung, wato hasken birki. Abu biyu ke ƙara shi: yawan cajin cibiyar, da ƙarfin wutar harbi. Karbon yana da 6, alminiyam 13, baƙin ƙarfe 26, tangisten 74. Shi ya sa a injin yayanka ake dukan tangisten, da wutar da ta kama daga wajen volt 60,000 zuwa 120,000 ko sama, gwargwadon ko hannu ake ɗauka ko ƙirji.

Duk da haka, abin da ke zama hasken eks bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sauran 99 zafi ne. Yi lissafi: volt 80,000 sau miliamfa 200 ya ba ka wat 16,000, a kan tabon da bai kai ƙwayar dawa ba. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, tangisten sai 3,422. Wannan ne dalili na biyu da William Coolidge ya dogara da shi a tib ɗinsa na 1913. Ko shi ma tangisten ɗin ba ya jurewa a tsaye, sai aka yi shi faifai mai juyawa wajen sau 3,000 a minti don kada duka ya sauka wuri ɗaya. Tambayi yayanka ƙugin da yake ji idan ya danna maɓalli rabi kafin ya ɗauka. Faifan ne ke ɗaukar gudu.

Bayan hasken birki, kowane ƙarfe yana da muryarsa. Idan baƙo ya fizge ilektaron daga can ƙuryar atom, na sama ya faɗo ya cike gurbin, ya saki haske mai awo tsayayye: tangisten wajen kilo-ilektaron-volt 59 da 67, molibdenom wajen 17 da 20. Na molibdenom ya fi taushi, shi ya sa aka daɗe ana amfani da shi wajen hoton nono, inda nama ake son bambancewa ba ƙashi ba.

Wannan yana da wani darasi da ke juya hankali. Wanda zai tare feshin ilektaron mai ƙarfi, idan ya sa darma a gaba, ya ƙera wa kansa injin radiyo ne, don cajin cibiyar darma 82 ne. Roba ko alminiyam ake sawa farko su tsayar da ilektaron a hankali, darma ta biyo baya ta tare ɗan hasken da ya fito.

Sauran gidajen zan ratsa su da sauri. Hodar fuskar tele da silikon suna tsakanin ƙarfe da gilashi: masu gida a ɗaure suke, amma igiyar ba ta da ƙwari. A silikon ilektaron-volt 3.6 ya isa ya kwance ɗaya, don haka baƙo ɗaya mai volt 10,000 yana kwance sama da dubu biyu. A hodar tele, idan suka koma turke sai su biya da haske ja, kore ko shuɗi. Hotonka ke nan. A ruwa kuwa haske kansa yana rage gudu zuwa kilomita 225,000 a daƙiƙa, kuma ilektaron da ya haura wajen volt 260,000 yana tsere masa. Ka tsaya a bakin kogin Logon ka ga kwale-kwale mai inji: yana gudu fiye da igiyar ruwan da yake tayarwa, sai ta bi shi a baya kamar kan mashi. Haka fagen yake yi a ruwa, ya fito da shuɗin haske. Pavel Cherenkov ya gan shi a Mosko a 1934, Frank da Tamm suka bayyana shi a 1937, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1958.

Baƙin ƙarfe ya cancanci kalma ɗaya, don shi ne ke ɓata maka kala. Bayan fuskar tele mai kala akwai rariyar ƙarfe mai dubban ramuka, kuma ita ke shanye mafi yawan feshin. Wasu suna zaton feshin ne ke mayar da ita maganaɗisu. Kuran ɗin feshin wajen miliamfa 1 ne; a nisan santimita ɗaya, fagen maganaɗisunsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wanda duniya kanta take da shi ba. Lasifikar da aka ajiye a gefe ce mai laifi, ko juya tele daga gabas zuwa kudu. A nan mai gida ne ke karkatar da baƙo. Ƙarar "gum" da kake ji lokacin kunnawa nadin wayar da ke goge wannan maganaɗisu ne. Idan tabon shunayya ya ƙi tafiya, fara duba ɗan abin da ke ba nadin wuta kafin ka ce wa mai kaya tib ya mutu.

To kana shan hasken?

Tele yana haifar da hasken eks, kaɗan kuma mai rauni, don wutarsa ƙasa take kuma abin da ake duka ba tangisten ba ne. Gilashin aka yi ya tare shi: na mazurarin baya akwai darma a ciki, na fuska akwai bariyom da sitironshiyom. Nauyin da ke karya maka baya ke nan. Ba daga sama aka fara wannan kulawa ba. A 1967 aka gano dubun-dubatar tele masu kala na kamfanin General Electric a Amurka suna zubar da hasken eks fiye da kima, kuma a 1968 aka yi dokar da ta kai ga sa iyaka. Telen da ke aiki daidai ba abin tsoro ba ne. Wanda nake jin tsoro shi ne wanda aka yi wa dabara: an sa THT da ba nasa ba, wuta ta haura, ko an tsallake da'irar kariyar da ke kashe tele idan wutar ta yi yawa, don kawai ya daina mutuwa a gaban mai kaya. Na san ana yi. Kada ka yi, don hasken birki yana ƙaruwa da sauri fiye da yadda wutar take ƙaruwa, kuma kai ne mafi kusa da shi.

Alƙaluman da na ba ka na kusa-kusa ne, don a fahimta. Mai ƙera inji da kwamfuta yake bin sawun miliyoyin ilektaron ɗaya bayan ɗaya kafin ya yanke kaurin ƙarfe. Ni kuma malamin aji ne da tsohon mai gyara, ba likita ba. Maganar yawan hasken da jikin yayanka ke ɗauka ta ma'aunin da suke maƙalawa a riga ce da masu duba shi, ya riƙa sa shi kullum, ya tsaya bayan katanga.

Kai naka mai sauƙi ne. Zare waya daga bango. Ɗaura waya a jikin sukundireba mai kyakkyawar ƙota, ɗaya bakin a kan igiyar ƙarfen da ta rungume bayan tib, hannu ɗaya a aljihu, ka zura bakin ƙarƙashin robar har ka ji ƙas. Jira minti biyu ka sake. Kuma idan yaran da ke sayen jan ƙarfe suka zo fasa matattun tib don nadin wuyansa, ka cire musu nadin da sukundireba ka ba su, tib ɗin ka ajiye shi a rufe. Tulun da babu iska a cikinsa yana fashewa da ƙarfi, hodar ba ta shaƙa ba ce, gilashin bayan kuma mai darma ne, kada ya ƙare a bakin kogi inda ake wanki.